Bayan Hannu

Ranar Lahadi

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da kai da Gwaggo da Auta. Ya ciwon gwiwa? Ya saƙar kujeru, ana kawo aiki kuwa? Ni dai lafiyata lau, sai kewarku. Auta, na san ke ce ke karanta masa, don Allah ki bi a hankali, kar ki haɗiye rabin maganata don kina saurin komawa kan waya.

Baba, abin da muke jira ya zo. An liƙa sanarwa a allon tasharmu cewa za a ɗauki ma'aikatan kashe gobara na dindindin, mutum goma sha biyu. Shekara uku ke nan ina 'yar sa-kai, ana kira na idan hannu ya yi ƙaranci, in ajiye dutsen guga a shagon wanki in ruga. Idan Allah ya yarda wannan karon zan samu durowata ta kaina da sunana a jiki, da takalmin da ba wanda ya riga ni gumi a ciki.

Sharuɗɗan suna da yawa, sai ka ce aure za su ba mu. Takardar gama sakandare, takardar haihuwa, lasisin tuƙi, da shaidar cewa ba a taɓa ɗaure mutum ba. Sannan gwajin gudu, hawan tsani, jan mutum-mutumi mai nauyin ƙato, iyo, da shiga ɗakin hayaƙi. Wanda ya tsallake waɗannan sai ganawa da manya, daga ƙarshe likita. Wanda ya cika shekara talatin kuwa ba ya ciki, ni kuma saura wata huɗu in cika. Ka ga ke nan ba ni da wata baɗi, ko bana ko shi ke nan.

Na cike fom jiya da hantsi, a kan teburin guga. Shafi shida. Duk na gama sai layi ɗaya, na goma sha huɗu, mai tambayar ko akwai wani a dangin mutum na jini da ya rasa gani ba ta hanyar haɗari ba. Ina kaiwa nan biro ya ƙare. Ba komai, an ce wannan shafin sai ranar likita ake miƙa shi.

Bari in ba ka abincinka, don na san shi kake jira. Da safe tasharmu kyau gare ta. Ana rataye mesar ruwa a jikin dogon bene na bayan fili don ta bushe, guda takwas ko tara, suna reto daga hawa na biyar har ƙasa, ruwa na ɗiga daga bakinsu. Idan rana ta fito ta bayansu kowane ɗigo sai ya ɗauki haske kafin ya faɗi. Motocin uku suna jere, ja wur, an goge su har kana ganin gajimare na wucewa a ƙofarsu. Akwai tattabaru biyu da suka yi sheƙa a kan jiniya, duk ƙarar da take yi ba su tashi ba. Nakan tsaya ina kallo har in manta tsintsiya na hannuna.

Ka tuna ranar da shagon kafinta maƙwabcinmu ya kama da wuta, ina shekara tara? Kowa ya fita kallo, kai ka zauna a bakin ƙofa, ka riƙe gefen rigata ka ce in faɗa maka abin da nake gani. Na ce ga wani mutum can sama a kan tsani, hayaƙi ya rufe ƙafarsa, kamar yana tsaye a kan iska. Ka ce in ci gaba. Wallahi Baba tun daga ranar ban sauko daga tsanin nan ba. Har yanzu idan tururin guga ya taso mini a fuska sai in ga kaina can, har na taɓa ƙona kwalar wani malami.

A sa ni a addu'a. Ki gaida Gwaggo, Auta, ki ce mata na daina cin abinci a tsaye.

'Yarka,
Guguwa

Ranar Asabar

Babana,

Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan ka tashi lafiya. Ya gida, ya su Gwaggo? An gyara famfon nan kuwa, ko har yanzu yana yi maka waƙa?

Albishirinka! Mu ɗari da tara muka fara, yau saura ashirin da shida, kuma ina ciki. Gudu na sha da ƙyar, na iso layi numfashi na fita ta kunne. Mutum-mutumin nan kuwa, Allah ya isa tsakanina da wanda ya cika shi da yashi. Na ja shi taku hamsin ina kiran sunayen duk waɗanda suka taɓa ɓata mini rai. Mai horar da mu, wanda muke kira Usur don bai san magana ba sai busa, ya dube ni ya dubi agogo ya gyaɗa kai. A wajensa wannan kyauta ce babba.

Amma ɗakin hayaƙi nake so in ba ka labari. Wani gini ne marar taga, an yi masa lunguna da ƙananan ƙofofi da matakala a ciki. Ana goya maka tukunyar iska, a sa maka abin rufe fuska, sannan a liƙe gilashinsa da baƙar leda. Ba ka ganin ko tafinka. Sai a ce ka shiga ka nemo mutum-mutumi ka fito da shi kafin iskarka ta ƙare. Ƙarti majiya ƙarfi na gani sun fito suna rawar jiki, wani ya fizge abin fuskar yana kiran innarsa. Mutum tara suka faɗi a nan.

Ni da aka rufe mini ido sai na ji kamar na dawo gida. Ba abin da nake ji sai numfashina, shiga da fita, a hankali, kamar ina kwance ƙarƙashin ruwa. Na ɗora bayan hannuna na hagu a bango, na tura ƙafa gaba tana shara kafin in taka, ina ƙirga. Bangon ya yi ta ba ni labari: nan fenti, nan katako, nan iska na shigowa don haka akwai ƙofa. Har na ji kamar ƙanshin igiyar saƙarka. Na fito cikin minti shida, wanda ya bi ni ya yi sha ɗaya.

Usur ya cire usur daga baki, abin da ban taɓa gani ba, ya tambaye ni wa ya koya mini taɓa bango da bayan hannu. Ya ce su sai sun yi wata guda suna dukan hannun sababbi kafin su daina shafa da tafi, don idan tafi ya taɓa wayar lantarki yatsu damƙewa suke yi, bayan hannu kuwa fizgewa yake. Na ce babana ne. Ya ce a wace tasha ya yi aiki? Na ce a tsakar gidanmu. Da ka ji dariyar da aka yi.

Wasan makafi da kake mana ne ya dawo mini. Ka ɗaure mana ido da ɗankwalin Gwaggo, ka ɓoye alewa a wani ɗaki. Daga ƙofar gida zuwa randa taku goma sha bakwai, daga randa zuwa ɗakinka tara. Auta kullum sai ta yi maguɗi ta leƙa ta ƙasa, kuma ba ka taɓa yi mata faɗa ba. (E, ke, kar ki tsallake wannan layin.) Da ta kai shekara goma ka sallame ta. Ni kuwa har na shiga sakandare kana sa ni, ina gunaguni ina cewa son kai ne.

Abin dariya, ina fitowa daga ɗakin, rana tsaka, na yi karo da bokiti a gefen hanya na kife shi. Abokiyar gwajina, Doguwa, ta ce ni a duhu mage ce, a haske akuya. Ka san 'yarka, ba a banza ka sa mini Guguwa ba.

Saura atisaye na mako biyu, sai ganawa, sai likita. Har na fara mafarkin durowar nan, a mafarkin idan na buɗe ta tattabaru ke fitowa.

Taka har kullum,
Guguwa

Ranar Talata

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Saƙonka ya iso tun makon jiya, ka yi haƙuri da jinkirin amsa.

Na buɗe ambulan ina tsammanin shafi biyu na nasiha, sai ga layi ɗaya da rubutun Auta, wai kana taya ni murna. Da biro. Sabon biro shuɗi, ko murfinsa ba a taɓa cirewa ba. Na yi dariya, na nuna wa Doguwa na ce ga kyautar babana. Da na koma ɗaki na zauna bakin gado, sai na gane abin da kake nufi. Na ji haushinka, Baba, ba zan ɓoye ba. Na jefa shi ƙasan akwati na ɗora kaya a kai.

Biro bai ƙare ba ranar nan. Ka sani, na sani.

Ranar Alhamis muna atisaye a fili. Ni ce riƙe da bakin mesa, Doguwa na gefena na hagu, taku biyu tsakaninmu. Ƙa'ida ita ce idan na gefe ya ɗaga hannu a rufe ruwa nan take. Igiyar tukunyarta ta sarƙe a tsani, ta ɗaga hannu. An ce ta yi ta ɗagawa, har tana kaɗa shi. Ni ina kallon gaba, ina kallon yadda ruwa ke fashewa a jikin bene yana yin bakan gizo, ina jin daɗi. Na juya da mesar zuwa hagu kamar yadda aka tsara, ruwan ya ɗebe ta ya maka ta da ƙasa. Wuyan hannunta ya goce.

Usur ya zage ni tas, ya ce gaggawa da mafarkin tsaye za su kashe ni. Kowa ya yarda haka ne, na kuwa ji daɗin zagin, don ya fi gaskiyar sauƙi. Doguwa daga kan gadon asibiti tana tsokana ta, wai na wanke ta kyauta ba guga. An ɗaure hannun, likita ya ce zai warke kafin a fara aiki, ba za a cire ta ba. Alhamdulillahi. Amma ni ban gan ta ba, Baba. Ba mantawa na yi ba, ba shagala ba ce. Mutum guda mai tsawon ƙofa, taku biyu daga kafaɗata, da rana tsaka, kuma babu ita a duniyata.

Ya kai shekara biyu idona yana yi mini haka. Abin da ke gabana ina ganinsa tar, har zaren da ya fita a maɓallin riga. Amma gefe-gefe yana ta matsowa, kamar ina leƙe ta bakin tulu. Mutane suna ɓullo mini daga babu. Idan na shigo inuwa daga rana sai na tsaya na ɗan lokaci ina yi kamar ina gyara takalmi. Na ce gajiya ce. Na ce tururin guga ne. Na tuna ka taɓa cewa naka ma ta gefe ya fara, kana shekara talatin da 'yan kai, sai na daina tunawa.

Ga abin da ke cin raina. Na tambayi waɗanda suka wuce bara, sun ce likitan allon haruffa kawai yake sa mutum ya karanta, sai launuka. Ni kuwa layin ƙarshe na allon nan, wanda ko Doguwa ba ta iyawa, ina karanta shi kamar sunana. Sai wanda ya amsa e a layi na goma sha huɗu ake shigarwa ɗaki na biyu. Idan na ce a'a, ba mai kama ni. Zan samu durowata. Wataƙila in yi shekara biyar ina aiki lafiya, in fito da mutane daga wuta, wa ya sani? A ɗakin hayaƙi ma ai ba wanda ya kama ƙafata.

Amma duk lokacin da na kai nan a tunani sai in ga hannun Doguwa a sama. Ban gan shi ranar ba, yanzu kuwa ba na ganin komai sai shi.

An yi ganawa jiya, na ci. Mu goma sha biyar muka rage. Likita jibi. Ban san abin da zan yi ba, kar ka tambaye ni. Auta, idan kuka kike yi ki fita waje ki gama, sannan ki dawo ki ƙarasa masa.

'Yarka

Ranar Laraba

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk mutanen gida. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Ni ma da sauƙi, ka kwantar da hankalinka.

Bironka yana rubutu da kyau. A ɗakin jira na cire murfin, ana kiran na gabana. Akwatuna biyu ne ƙanana a layi na goma sha huɗu, ko ƙwayar wake ba za ta shiga ba. Na daɗe ina kallonsu kafin na sa alama.

Likitar mace ce mai furfura, hannunta sanyi. Na karanta mata allo har ƙasa, ta ce ma sha Allah. Ta duba takarda, ta dube ni, ta buɗe ƙofa ta biyu. A ciki akwai wani abu kamar babbar farar tasa da aka kafa a tsaye. Ka sa haɓa, ka kafa ido a tsakiya, a ba ka maɓalli ka danna duk lokacin da ɗan haske ya ƙyafta. Da kyau abin yake, Baba, kamar taurari na wasan ɓuya. Na yi ta dannawa ina jin na iya. Akwai wuraren da aka yi shiru, na ɗauka na'urar hutawa take yi. Da aka fito da takarda sai ga fari a tsakiya kamar kwabo, kewaye da shi baƙi. Ashe a shirun nan ma taurari na ta ƙyaftawa.

Ta faɗi sunan ciwon, dogo ne, na rubuta zan kawo. Ta ce irin naka ne. Ta ce zai iya ɗaukar shekara goma, zai iya ɗaukar ashirin, ba mai iya yanke mini. Ta ce ba za ta iya sa hannu ba, ko aikin sa-kai ma in daina, tuƙi ma haka. Sannan ta riƙe hannuna ta ce mutane nawa ne suka zauna a kujerar nan suka yi mata ƙarya. Ban ji wani daɗi ba, gaskiya. Na fita na zauna a matakala na yi kuka har majina.

Shekaranjiya aka liƙa sunaye. Doguwa ta uku. Ta rungume ni da hannu ɗaya tana zagina, tana cewa me ya sa ban gaya mata ba, da ta riƙa ihu maimakon ɗaga hannu. Da na je mayar da kaya, Usur ya karɓi hular ya juya ta ya sake miƙo mini, ya nuna mini dogon benen da haɓa. Ya ɗaura mini igiyar tsaro da kansa.

Na hau, Baba. Hawa biyar, a tsani, da hantsi, ba mai ƙirga mini lokaci. Ga abincinka, ka buɗe hannu. Daga can rufin gidaje kamar an shanya tabarmi iri-iri. Wata mata tana shanya zannuwa a saman bene, iska na cika su suna kumbura. Jirgin ƙasa ya wuce can nesa, ba a jin ƙararsa, sai ka ce tunani ne. Yara sun fito hutun tara a wata makaranta, fararen riguna sun watsu a fili. Hayaƙi siriri na tashi daga gidan burodi, irin wanda ba ya buƙatar kowa. Tattabarun nan sun wuce ta ƙasana, karon farko da na ga bayan tsuntsu yana tashi, ashe akwai kore a wuyansu. Sai da na riƙa juya kai a hankali ina ɗauka kaɗan-kaɗan, don ba ya shiga mini gaba ɗaya. Na yi kallo na mu biyu. Na ajiye wasu kuma don gaba. Usur bai busa ba har na sauko don kaina.

A can sama na gane abin da ya fi shekara ashirin yana gabana. Ba son kai ba ne. Kana jin yadda nake tuntuɓe a lungun shiga gida tun ina ƙarama, inda Auta ke wucewa a guje. Ka sa mini Guguwa don in ɗauka rawar kai ce, in yi ƙuruciyata ba tsoro, ka kuma ɗaure mini ido kana ba ni alewa. Zuwana na ƙarshe da na ture kofi daga gefen tebur, na ji hannunka ya tsaya a saƙa. Ba ka tsokane ni ba ranar. Da na lura da tuni na sani.

Ina da faɗa da kai a kan wannan, kuma sai mun yi shi. Amma ba a takarda ba.

Usur ya ce akwai ɗakin karɓar kiran gaggawa, can kunne ake nema da wanda ya san yadda ake fita daga ɗaki mai duhu, kuma ba ruwansu da shekara talatin. Na ce zan yi tunani. Yanzu dai gida nake so. Zan shigo motar safe ranar Asabar. Auta, kar ki zo tarya ta, kuma kar a kawar da komai daga hanya, a bar randa inda take.

Goma sha bakwai zuwa randa, tara zuwa ɗakinka, wannan na riƙe. Amma ban san yadda kake zuba shayi ba ya zuba ba, ko yadda kake gane Gwaggo ta yi fushi tun kafin ta buɗe baki, ko abin da ka yi da zuciyarka a shekarar farko. Ka nemo ɗankwalin nan, Baba. Wannan karon ba zan yi gunaguni ba, ka koya mini sauran.

Ni ce 'yarka mai ƙaunarka,
Guguwa